Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Bakin Ruwa

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kuma duk bayan wata uku ko huɗu nakan gangara Ikko in yi sari a kasuwar Ladipo. Na fi shekara goma ina wannan zirga-zirga, amma ban taɓa sa ƙafata a jirgin ruwa ba, ko da kwale-kwale ne. Ruwan ma daga kan gada nake hango shi, in ce tubarkalla, in kau da kai. Ɗan ƙanwata da ke aikin sojan ruwa a Apapa ne ya canza mini tafiyar wannan karon. Ya bugo waya ya ce, "Kawu, idan za ka zo sari ka daidaita shi da ƙarshen watan Mayu. Makon bikinmu ne, akwai ranar da ake buɗe wa jama'a jirage su shiga su gani." Rundunar tasu tana lissafin haihuwarta daga 1 ga Yuni, 1956, shi ya sa bikin yake faɗowa a wannan tsakanin. Uwarsa da ta ji labari sai ta haɗo ni da kilishi da yaji, da wata 'yar jarka mai cin lita huɗu, wai in ɗebo mata ruwan teku, an ce mata yana maganin ciwon ƙafa.

Makopolo muka shiga da la'asar. Zariya, Kaduna, Abuja, duk a gyangyaɗi na wuce su. Mun tsallake gadar kogin Neja kafin Lakwaja ke nan, da tsakar dare, sai injin ya ɗau zafi. Bel ne ya tsinke. Bel ɗin da ban fi in miƙa hannu in zaro shi daga ƙusa a shagona ba, shi ya zaunar da mutum hamsin a bakin titi har aka kira asuba, sauro na ta shagali da mu. Direban ba shi da na ajiya. Ban ce masa komai ba, don mai abu a hannu ba a koya masa sana'a a gaban fasinja, amma raina ya ɓaci. Sai bayan la'asar ta washegari muka shiga Ikko, na wuce masaukina a Agege.

Ranar da za mu shiga jirgin, yaron ya ce kada in bi ta titi, tankoki da tireloli sun cushe hanyar Apapa. In je Marina in hau jirgin fito, 'yan mintuna ne. Haka na yi, aka ɗaura mini rigar nan mai hana nutsewa, na zauna a tsakiya ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Wata mata kusa da ni tana cin gyaɗa abinta, ko a jikinta. Da muka yanko tsakiyar ruwa sai ga jiragen kwantena kamar unguwanni, can gefe kuma wasu masu launin toka, jere a bakin gaɓa, kowanne da lamba a goshinsa. Waɗannan su ne na sojan.

A ƙofa aka duba katina, aka caje ni, sannan ɗan ƙanwar tawa ya fito cikin fararen kaya har na kusa kasa gane shi. Ya rusuna ya gaishe ni, na ce, "Tashi mana, kar manyanka su ga soja a durƙushe." Muka bi bayan wasu 'yan makaranta da malamarsu zuwa wani jirgi mai faɗin ciki. Na karanta sunansa, sai na yi dariya: Kada.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Akwai Aradu, akwai Kyanwa, an yi Damisa, an yi Dorina, ga kuma Karaduwa, sunan kogin nan na Katsina da aka datse aka yi dam ɗin Zobe. Mu da ba mu da teku, sai ga harshenmu yana yawo a kanta. Sunan Kada kuwa ya dace da aikinsa, domin jirgi ne da aka ƙera don ya fito daga ruwa ya ɗora ƙirjinsa a kan yashi.

Gaskiya da farko bai burge ni ba. Ni na zo ne da tunanin manyan bindigogi da makamai masu linzami, sai na tarar da kaina a cikin wani dogon zaure na ƙarfe, babu komai a ciki sai zobba a ƙasa, jere-jere, da sarƙoƙi a naɗe a gefe. Na tsuguna na taɓa ɗaya daga zobban. Wani hafsa matashi da ke yi wa baƙi bayani ya lura da ni, ya ce a nan ake ɗaure motoci masu sulke da manyan motoci, don idan igiyar ruwa ta tashi, mota mai nauyin tan ashirin ta kufce, ita kaɗai ta isa ta yi wa jirgi illa daga ciki. Nan take na gane inda nake. Tirela ce. Tirelar ruwa mai tsawon mita 100, da ƙofa gaba da ƙofa baya, kowacce tana sauka ta zama gada, mota ta shiga ta nan ta fita ta can ba sai ta yi ribas ba. A sama akwai injin ɗaga kaya mai ɗaukar tan 25, da filin saukar jirgi mai saukar ungulu. Mutum 32 ne ke tafiyar da shi, kuma yana ɗaukar sojoji kusan 250 da gadajensu da abincinsu.

Yadda irin wannan jirgi yake sauke kaya a inda babu tasha shi ya fi tsaya mini a rai. Cikinsa a shimfiɗe yake, ba ya cin ruwa da zurfi. Idan ya doshi gaɓa sai ya saki anga ta baya tun yana nesa, ya ci gaba yana warware igiyarta har ƙirjinsa ya taɓa yashi. A sauke ƙofa, motoci su fita. Nauyi ya ragu, a zubar da ruwan da aka ɗura masa don daidaita shi, sai ya ja kansa da baya da wannan angar, kamar mai fitowa daga rijiya da igiya. Amma duk wannan sai an san zurfin wurin, da irin ƙasar da ke ƙarƙashi, da lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa. In an yi kuskure, jirgi ya kafe sai wani cikar ruwan. Shi ya sa, in ji hafsan, aka sayo wani jirgin daban mai suna Lana daga kamfanin OCEA na Faransa a 2021, wanda aikinsa kawai auna ƙarƙashin ruwa da zana taswira. Jirgi guda ba ya yaƙi shi kaɗai. Wannan ya auna, wancan ya yi rakiya da bindiga, shi kuma Kada ya kai kaya.

Kamfanin Damen na ƙasar Holan ne ya ƙera shi, amma a Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa aka yi aikin. An aza harsashinsa a ƙarshen 2019, aka sa shi a ruwa a watan Yunin 2021, ya iso Ikko a watan Mayun 2022 bayan ya zagayo ta Mombasa da Kef Tawun da Luwanda. Ko wata uku bai cika ba aka loda masa kayan soja zuwa Gini Bisau, inda dakarun ECOWAS suke aiki. Na yi lissafi da yatsu: daga aza harsashi zuwa isowa shekara biyu da rabi, ban da shekarun da aka yi ana shawara da neman kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake son jirgi a ranar da rikici ya ɓarke, tun gwamnatin da ta shuɗe ya kamata a ce an yi odarsa.

Kuma ƙasar nan ta san daɗin irinsa tun ba yau ba. A yaƙin basasa ta ruwa aka sauke sojoji a Boni a watan Yulin 1967, aka sake yi a Kalaba a watan Oktoba, kuma a cikin jiragen har da wani mai suna Lokoja, garin da na kwana a bakin titinsa. A ƙarshen shekarun 1970 aka sayo Ambe da Ofiom daga Jamus. Ambe na cikin waɗanda suka kai sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, Monrobiya ta Laberiya a watan Agustan 1990. Da suka tsufa suka kwanta, aka yi shekaru babu madadinsu, sai zuwan Kada.

Na roƙi a bar ni in leƙa ɗakin inji. Daga bakin ƙofa kawai aka yarda, amma ya ishe ni. Zafi da ƙamshin baƙin mai suka buge ni, na ji kamar ina garejin unguwarmu. Manyan injina biyu, fentinsu rawaya, ko ba a faɗa ba na san Caterpillar ne. Na ce wa yaron, "To, wannan dai an yi dabara. Filtarsa da nozul ɗinsa ba sai an je bangon duniya ba." Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, kai ko a Makka kayan gyara za ka fara tambaya."

Ai kuwa dole in tambaya, don a nan gizo ke saƙar. Da muka sauko muka zauna a inuwa muna cin kilishin uwarsa, ya riƙa lissafa mini manyan jiragensu. Aradu ɗan Jamus ne, a Hambog kamfanin Blohm+Voss ya ƙera shi, ya fara aiki a 1982. Thunder da Okpabana gwanjo ne daga masu gadin gaɓar tekun Amurka, ƙirar ƙarshen shekarun 1960, wato sun girmi yawancin masu tuƙa su. Centenary da Unity 'yan Sin ne, sun zo a 2015 da 2016. Lana ɗan Faransa, Kada ɗan Holan, sannan a 2021 an ƙulla ciniki da kamfanin Dearsan na Turkiyya kan wasu jiragen sintiri biyu masu tsawon mita 76. Na riƙe baki. Duk mai motocin haya da ya haɗa Fijo da Toyota da Marsandi da 'yar Sin a gareji ɗaya, na san shi, don abokin cinikina ne, kuma kullum cikin kuka yake. Sufanar wannan ba ta kama notin wancan. Bakaniken da ya ƙware a ɗaya sai ya koma ɗan koyo a ɗayan. Sito kuwa sai ka tara kaya kashi biyar maimakon kashi ɗaya.

Aradu shi kaɗai ma gari guda ne. Gangar jiki ta Jamus, injin gudu na Rolls-Royce daga Ingila, babbar bindiga da makamai masu linzami daga Italiya, na'urorin hangen nesa daga Holan. A zamaninsa babu kamarsa a yankin nan, har Ingila ya je bikin jiragen ruwa a 2005, ya je Barazil a 2007. Daga baya ya fi daɗewa a ɗaure fiye da a kan teku, har a 2023 aka ba Dearsan kwangilar farfaɗo da shi. Ban ga laifin masu sayen ba baki ɗaya. Wani lokaci abin da aljihu ya iya ke nan, wani lokaci kyauta ce, kuma ba a duba haƙoran dokin kyauta a gaban mai bayarwa. Ga kuma gaɓar teku mai tsawon kilomita 853 da ruwan da ya miƙe mil 200 na teku, inda man fetur yake, inda a 2020 'yan fashin teku suka sace ma'aikatan jirage 130 a mashigin tekun Gini. Mai wannan ciwo ba ya jiran sai ya samu jirage iri ɗaya. Amma da ni ake shawara, duk jirgin da za a saya sai an rubuta kuɗin kayan gyaransa na shekara goma a takarda ɗaya da kuɗinsa, a sa hannu rana ɗaya.

Na tuna surutun da aka yi a 2021 da aka ce sojan ruwa za su kafa cibiya a Kano. Har ni na yi dariya, muna cewa ko a dam ɗin Tiga za su riƙa yin faretin. Abin da aka kafa a Dawakin Tofa kwalejin koyar da tanadi da sarrafa kayan aiki ce. A zaune a bakin ruwan Apapa na janye dariyata. Koyon lissafin sito ba ya buƙatar teku, kuma bel ɗaya ya kwanar da ni a Lakwaja.

Abin da ya fi faranta mini shi ne na gida. A ma'aikatar jiragensu da ke titin Ahmadu Bello a Biktoriya Ailan aka ƙera Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021. Ƙanana ne, tsakanin mita talatin da arba'in da 'yan kai, injinansu ma daga waje suke. Amma wanda ya yanka ƙarfe ya yi walda da hannunsa, ranar da abu ya fashe ba zai jira Bature ya sauko daga jirgin sama ba.

Kafin mu rabu na tambayi yaron ainihin aikinsa a kullum. Na zaci zai ce harbi. Ya buɗe tafin hannunsa, duk kanta. Kankare tsatsa da shafa fenti, in ji shi, yau a gama gaba, jibi baya ya sake ja, gishiri ba ya hutu. Ya ce don Allah kar in faɗa wa uwarsa, ita a saninta kullum yana bayan bindiga.

Sai a lokacin na tuna da jarka. Na leƙa ruwan da ke gindin gaɓa, baƙi ƙirin, mai na yawo a kansa da ledoji. Ya ce wannan ba teku ba ce, kuma ko maƙiyi ba a ba wa ya shafa. Washegari bayan na gama sari a Ladipo na hau mota har Lekki, na biya kuɗin shiga bakin teku, na naɗe wando, igiyar ruwa ta jiƙa ni har ƙugu kafin jarkar ta cika. Na ɗaure bakinta da leda, na cusa ta a but tsakanin kwalayen kayana. A Kano da aka sauke kaya na tarar murfin ya tsage, rabin ruwan ya tsiyaye cikin kwalin diskin burki guda shida, duk sun fara ja. Sauran rabin na kai wa ƙanwata. Ta girgiza jarkar, ta dube ni, ta ce, "Yaya, duk faɗin tekun iya abin da ka samo ke nan?"