Injin niƙan dutse da gajerun kaburburan Bagega

Sana'ata niƙan dutse ce. Injina uku gare ni a bayan garin Bagega, cikin ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, da samari bakwai da ke yi mini aiki. 'Yan rami su haƙo dutse, su farfasa shi da guduma ya koma kamar tsakuwa, su ɗura a buhu su kawo mini bisa babur. Ni nawa in mayar da shi gari, in karɓi kuɗina a kan kowane buhu. Daga hannuna sai wurin masu wanki, su zuba garin a kan kafet suna kwarara ruwa, abin da ya maƙale a kaɗe shi cikin tasa, a murza da zaiba har ta kama zinaren, sannan a ƙona zaibar ta tashi. Ɗan abin da ya rage shi ake ɗorawa a sikeli, a auna da giram. An samu ko ba a samu ba, ni dai an biya ni. Shi ya sa 'yan rami ke tsokanata wai ni kaɗai ne ba na caca a harkar nan.

Hanyar zuwa wurin injinan ta gefen maƙabarta ta bi, saboda haka safe da yamma sai na yi musu sallama. Maƙabartarmu ba ta da rubutu. Tudun ƙasa ne, da fasasshiyar tukunya ko guntun icce a wajen kai, da ƙaya don kada dabbobi su tattake. Baƙo zai ce babu abin karantawa a nan. Amma akwai wani dattijo da ya tsufa yana haƙan kabari a garin nan, ba ya karɓar ko sisi, kuma shi ya koya mini cewa ƙasar ma tana da labari.

Wata rana bayan jana'iza na tsaya taya shi tattara dagi da shebur, sai na ce, "Baba, can gindin itatuwan nan kuma su wa ke kwance?"

Ya ce, "Kakanninka ne, yaro. Manoma da makiyaya da fatake. Cikinsu har da waɗanda suka wanke yashi a rafi zamanin Turawa."

Gaskiyarsa. Neman zinare a ƙasar nan ba yau ya fara ba. A shekarun 1930 ya yi tashe a Arewa, yaƙin duniya na biyu ya kwantar da shi, mutane suka koma gona. Kaburburan wancan zamani damina ta riga ta shafe su, sai wanda ya sani zai gane. Gaba kaɗan akwai sashen da muke kira na baƙi: samari majiya ƙarfi daga Katsina da Kabi da Nijar, waɗanda rami ya rufta da su ko ciwo ya kayar da su nesa da gida. Wani ma sunan garinsu kawai aka sani. Mu muka yi musu wanka, muka yi karo-karon likkafani, liman ya sallace su.

Sai kuma gajerun. Nan ne nake kasa ɗaga kai.

Kusan 2009 farashin oza ɗaya na zinare ya haura dala 1,000 a kasuwar duniya, kowa ya ajiye fartanya ya ɗauki guduma. Dutse ya shiga cikin gida. Mata suna daka shi a turmin da suke dakan gero, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ni da kaina, injin da na saya don niƙan masara da dawa shi na juya wa dutse, saboda kuɗin buhu ɗaya na dutse ya ninka na hatsi. Ina dawowa gida fari fat da ƙura tun daga gashin ido har takalmi, yarinyata ta rugo ta rungume ƙafata, in ɗauke ta da rigar nan a jikina. Babu wanda ya san jijiyar dutsen da aka faɗa wa cike take da dalma.

Agwagi suka fara mutuwa, muka ce annobar kaji ce. Daga nan yara suka kama amai, da zazzaɓi, da jijjiga, ido ya kakkafe. Wasu suka ce sanƙarau, wasu zazzaɓin cizon sauro, wasu iskoki. An sha rubutu, an yi turare, an yi allura, duk a banza. A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce. Binciken da aka yi a Dareta da 'Yargalma ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A duk yankin, yara fiye da 400 suka tafi. Biyu daga cikin gajerun kaburburan nan, daga ɗakina aka fito da su. Nan zan tsaya a kan wannan.

Baba ya ce a lokacin ya daina mayar da dagi gida, a maƙabarta yake barinsa. Kabarin yaro ba ya cin lokaci, taƙi huɗu ko biyar ne, amma ya ce bai taɓa aikin da ya fi shi nauyi ba.

Maganin ma da sharaɗinsa ya zo. Likitoci suka ce ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙasar da ta ba shi ciwon, sai an kankare saman ƙasar kowane gida, an kai an binne, an zubo sabuwa. Ƙauyuka bakwai aka fara yi wa haka tsakanin 2010 da 2011, irin su Abare da Dareta da Sunke da Tungar Daji. Bagega, da ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya har 2013, yara wajen 1,500 suna jiran magani. Wannan jiran har yau yana ci mini rai. A 2015 kuma muka ji irin wannan masifa ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, kamar ba a taɓa jin labarinmu ba.

Ban bar sana'a ba, kuma ba zan yi ƙaryar na so bari ba. Gona kaɗai ba ta riƙe gida a nan. Salon aiki na sauya. Yanzu niƙan ruwa nake yi, dutse ya fito caɓi maimakon ƙura. Dole in sayi ruwa daga 'yan garuwa, injin ya fi shan mai, aiki ya fi jinkiri. Na kafa ɗan zagaye da randa da sabulu, duk mai yi mini aiki sai ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya nufi gida, kayan aiki a nan suke kwana. Yaro ƙarami ko tallar ƙosai ya kawo, daga bakin hanya zai tsaya. Na rasa masu kawo niƙa da dama, don akwai mai busasshen niƙa da ke karɓar ƙasa da nawa, kuma ɗan rami da ya kwana uku a ƙarƙashin ƙasa naira ɗari ma yana jin ta.

A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. A tsakanin nan maƙabarta ta ƙara faɗi ta gabas, wannan karon da dogayen kaburbura, wasu a jere an haƙa su rana ɗaya.

Baba ƙarfi ya ƙare, samari ke haƙa yanzu, shi sai dai ya nuna wuri da sanda. Duk ƙarshen damina nakan rufe injina rana guda, mu ɗebo ƙasa da baro mu tayar da kaburburan da ruwa ya zaizaye, mu sare ciyawa, mu sabunta ƙaya. Bana da muka zo sashen gajerun, wani sabon yarona ɗan Gusau ya ɗauka kunyar gyaɗa ce aka bari, har ya ɗora baro a kan ɗaya. Baba ya taɓa shi da sanda ya ce, "Ɗauke, ɗana, akwai mutum a nan."