Wasserkuppe, tudun da jirage ke tashi ba inji

Daga Frankfurt na kama jirgin ƙasa zuwa Fulda, na sauya wani ƙarami zuwa Gersfeld, daga nan bas ta yi ta lanƙwasa da mu har saman Wasserkuppe. Tsayin tudun mita 950 ne, babu wanda ya kai shi a jihar Hessen ta Jamus, kuma duk da bazara ce, iskarsa ta sa na ja zif ɗin rigata har wuya. Na daɗe ina kallon gasar ƙananan jirage marasa inji da ake tuƙawa da rimot, na zo in ji ta ina sabon shiga ke farawa.

Tun 1911 ɗalibai daga Darmstadt suke hawowa nan gwada jiragen da iska kaɗai ke ɗauka. Da yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta takura wa Jamus kan jirage masu inji, sai matasa suka duƙufa kan wannan fanni, a 1920 aka yi gasar farko a tudun. Akwai gidan tarihi da ya tara manyan jiragen katako da yadi, da sashen ƙananansu. Na zaga shi a gurguje, hankalina yana waje.

A bakin gangaren na tarar da masu tuƙa ƙananan jiragen a jere, kowa da rimot rataye a wuya. Mutum zai fuskanci iska ya wurga jirginsa, maimakon ya faɗi ƙasa sai ka ga ya haura, domin iskar da ta bugi gangaren ba ta da hanya sai sama. Babu ƙara, sai wani siririn fito in jirgi ya sulalo da gudu.

Wani dattijo ya lura da tsayuwata ya yafito ni. Jirginsa na balsa ne, wani katako mara nauyi, faɗin fikafikansa mita 2, ga tabon gam a inda ya taɓa karyewa. Ya ce irin wannan ake kira RES, kuma da shi ya kamata in fara: abu uku kawai kake sarrafawa, juyawa, ɗaga hanci, da ɗan marfin kan fiffike mai sauko da jirgi. A gasa da igiyar roba ake harba shi, ana so ka yi minti 6 a sama cikin minti 9 da aka ba ka, sannan ka sauka daf da alamar da aka kafa a ƙasa. Na gamsu da shawararsa. Jiragen zaren kabon (carbon fibre) masu tsada sun ja idona, amma sabon shiga sai ya karya jirgi, gara ya karya wanda zai iya ɗinkewa da gam a daren.

Ya haɗa rimot biyu, ya riƙe babban ya miƙo min ɗayan, yadda da na rikice zai karɓe tuƙin nan take. Tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Can jirgin ya ɗan girgiza, fiffiken dama ya ɗaga shi kaɗai. Ya ce in juya dama, wajen da ya ɗaga, nan iska mai ɗumi ke tasowa. Na juya, jirgin ya shiga kewaye yana hawa kamar shirwa a saman mahauta da tsakar rana. Wallahi ban san lokacin da na saki murya ba. Kafin kowane tashi na ga dattijon yana tsinko ciyawa ya sake ta, ya bi ta da ido, ya kuma dubi inda tsuntsaye suka taru.

Sauran rukunan gasa ya yi min bayaninsu a taƙaice. A F3F gudu ake yi, ana ratsa tazarar mita 100 sau goma, ana kai da komo a bakin gangare. A F5J ana kunna motar lantarki daƙiƙa 30 kacal, kuma iya tsayin da ta kai ka iya makin da za a zaftare maka, don haka gwanaye ke kashe ta tun suna ƙasa-ƙasa.

Da na tambaye shi me zan fara saya, ya ce inshora tukuna, domin doka ce a Jamus, kuma ta ƙungiyar masu wannan wasa ake samunta cikin sauƙi. Sannan in je gasa in riƙe wa wani agogo, in tsaya a kafaɗarsa ina jin abin da mataimakinsa ke raɗa masa game da iska. Jirgin kuwa, in sayi katakon in haɗa shi da hannuna a lokacin hunturu.