Kanari a keji, kaji a ƙasa

A gidan adana zane na Mauritshuis da ke Hague, a ƙasar Holan, akwai wani ɗan zane da Carel Fabritius ya yi a 1654: tsuntsu ɗan uwan kanari, zaune kan akwatin abincinsa a jikin bango, da siririyar sarƙa a ƙafa. Masu kallo sarƙar suke tausaya wa. Mai kiwo kuwa abin da zai fara lura shi ne tsuntsun shi kaɗai ne, babu kaza kusa da shi, balle ta sa masa murar tsuntsaye.

Mu a Kaduna kejin kanari a reshen mangwaro ake rataye shi, kaji da agwagi na kiwo a ƙasa, tsuntsayen daji na sauka suna shan ruwansa. Ta nan murar tsuntsaye ke shiga, domin a kashi da majina da yawu take tafiya. Agwagwa ta fi haɗari, tana iya ɗaukar cutar tana yawonta lafiya lau. Kada a manta a Jaji, nan jihar Kaduna, aka fara tabbatar da H5N1, wani nau'in murar tsuntsaye, a Afirka, a Fabrairun 2006. Ƙwayar ta fi daɗewa cikin sanyi, don haka hunturu ne lokacin sa ido.

A mayar da keji ƙarƙashin rufi, geron a rufe shi a mazubi. Sabon tsuntsu daga kasuwa ya yi kwana 30 a ɗaki dabam, shi za a ba abinci a ƙarshe, sannan a wanke hannu da sabulu.

Wajen wanke keji aka fi kuskure. A yayyafa wa kashin ruwa kafin a kankare, don kada ƙurarsa ta shiga hanci. A wanke da sabulu tukuna, saboda bilic ba ya aiki a kan datti. Sai bilic ɗin gida kashi 1 a ruwa kashi 9, minti 10, a ɗauraye, a shanya a rana har warin ya fita, in ba haka ba warin kansa zai illata tsuntsun. Kejin kara yana tsotse ƙazanta, ba ya wankuwa. Idan tsuntsu ya mutu a ciki, a ƙone kejin.

Kanarin da ya daina kuka, ya bubbuɗe gashi, yana numfashi da baki, a ware shi a kira likitan dabbobi. Kafson da ake barbaɗawa a ruwa ba ya kashe bairos, wato ƙwayar da ke kawo murar. Wanda ya mutu farat ɗaya a ɗauke shi da leda biyu, kada a jefa wa kyanwa, ita ma tana kamuwa. Likitan ne zai tura samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, jihar Filato, a gwada.