Yaushe take zafi? Tambayar farko da za a yi wa tsohuwar mota

Motar da nake hawa ta haura shekara 20, kuma a tsawon zamana da ita ba ta taɓa tayar mini da hankali ba kamar lokacin da allurar zafinta ta fara barin tsakiya tana dosar jan layi. Na kai ta wurin wani bakanike, wanda bai tambaye ni komai ba, sai ya kwance tamostat, wato 'yar na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ya miƙo mini a hannu, ya ce ba ta da wani amfani illa hana ruwa wucewa. Na yarda da shi, domin a lokacin ban san abin da ya fi haka ba. Motar ta yi kwanaki kamar ta warke, amma ranar da na ɗauki doguwar hanya mai hawa da kaya a baya, allurar ta sake tashi, har na tsaya a gefen titi ina jin ruwa na tafasa a ƙarƙashin bonet. Tun daga ranar na daina tambayar wane ƙarfe ne ya lalace, na koma lura da lokacin da zafin ke zuwa.

Inji yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da ya ƙone ta hanyar ruwan sanyaya shi, kuma an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90 zuwa 100 na ma'aunin Salsiyos. Domin zafin ya fita, dole ruwa ya isa, ya zagaya, iska kuma ta ratsa lagireto ta kwashe abin da ruwan ya ɗauko. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, yana da lokacin da yake tona kansa.

Idan mota tana zafi ne a cunkoso ko a tsaye, amma da zarar an kama hanya allurar ta sauko, to matsalar iska ce, kuma fanka za a fara tuhuma. A motar da fankarta ke aiki da lantarki, sai a bar injin yana ci a tsaye, a zuba ido a ga ko za ta tashi idan zafi ya kai. In ba ta tashi ba, a duba fiyus da rile da makunnin zafi kafin a ce injin lantarkin da ke juya fankar ne ya ƙone. A wadda fambel ke juya fankarta kuwa, a duba ko fambel ɗin ya saki, ko kulocin fankar ya mutu har tana juyawa ba tare da jawo iskar kirki ba.

Tawa akasin haka take yi. A tsaye lafiya lau, a cikin gari ma haka, sai an yi gudu mai tsawo ko an hau tudu sannan zafin ya taso. A irin wannan gudu iska ba ta ƙaranci, saboda haka laifin na zagayawar ruwa ne, ko kuma lagireto ya kasa fitar da zafin da ake kawo masa. Bayan na kashe injin, na jira ya ɗan huce, na kuma cire wayar fanka don kada ta tashi da hannuna a kusa, sai na shafa fuskar lagireton daga gefe zuwa gefe. Gefuna biyun suna ƙuna, amma tsakiyarsa, wajen faɗin tafin hannu biyu, ɗumi-ɗumi ne kawai. Ƙananan bututun da ke wurin sun toshe, ruwa ba ya bi ta cikinsu. Da aka buɗe shi na ga tsatsa ja da wani farin ɓawo mai tauri a bakin bututun, kuma na san laifina ne, domin na shafe shekaru ina zuba wa motar ruwa zalla. Ruwa zalla yana barin ɓawo, yana cin ƙarfe, har yakan cinye fikafikan famfon ruwa ya bar shi yana juyawa a banza. Ruwan sanyaya inji na gaskiya, wanda ake gaurayawa rabi da rabi da tataccen ruwa, yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, kuma wannan sinadarin yana ƙarewa, shi ya sa ake canza ruwan bayan wasu shekaru.

Tamostat ɗin da aka cire mini ba ta da laifi ko kaɗan. Na jefa ta cikin ruwa a tukunya na ɗora a wuta, kuma kafin ruwan ya tafasa na ga bakinta ya buɗe a hankali, daidai da lamba 82 da ke rubuce a jikinta, wato digirin zafin da take fara buɗewa. Wadda ta maƙale a rufe takan sa mota ta yi zafi cikin 'yan mintuna bayan an tayar da ita, alhali tiyon sama na lagireto bai yi zafi ba. Cire ta gaba ɗaya yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya kuma riƙa cin jikinsa, sannan ya ɓoye ainihin cutar na ɗan lokaci, kamar yadda ya faru da ni.

Akwai ƙaramin abin da aka fi rainawa, wato murfin lagireto. Shi ne ke riƙe matsin kusan "bar" 1 (ma'aunin matsi) a cikin hanyoyin ruwa, kuma wannan matsin ke ɗaga matakin tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kimanin 120. Idan robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya tsiyaye a hankali, mai mota ya yi ta ƙarawa bai san ta inda yake bi ba. Ina roƙon duk wanda ke karanta wannan da kada ya taɓa buɗe murfin nan inji yana da zafi, domin ruwan da ke feshowa yana ɗaye fatar fuska da hannu nan take.

Abin da na fi tsoro a lokacin shi ne ƙonewar gaskit ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai hana ruwa da baƙin mai da hayaƙi haɗuwa. Alamunsa su ne ruwa yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, farin hayaki mai kauri daga salansa ko bayan inji ya yi ɗumi, kumfa tana tasowa a bakin lagireto idan an tayar da inji da sanyi, ko kuma baƙin mai ya koma fari-fari. Sau da yawa zafin ne ke ƙone gaskit ɗin, musamman idan kan injin na alminiyom ne, wanda ke lanƙwashewa idan aka ci gaba da tuƙi allura na kan ja. Na duba duka huɗun, ban ga ko ɗaya ba, kuma ina ganin tsayawar da na yi da wuri a gefen titi ce ta cece ni.

Na sa sabon lagireto da sabon murfi, na mayar da tamostat wurinta, aka wanke hanyoyin ruwan aka fitar da iskar da ta maƙale a ciki. Bayan mako guda na koma wancan tudun da kaya iri ɗaya, kuma har na kai samansa allurar tana ƙasa da tsakiya kaɗan, ba ta motsa ba.