Wata huɗu ina murna da hasken da ya dushe

Har yau idan na tuna daren da na kira Goggo a Makka na ce mata bagaruwarta ta yi aiki, sai in ji raina ya ɓaci. Na yi saurin baki, kuma ni na san ba haka ake yi ba.

A Jidda nake karatun digirin digirgir, a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke binciken cututtukan numfashi. A wannan garin ne aka fara gano bairas ɗin MERS, wanda ake ɗauka daga raƙuma, a 2012, saboda haka duk wanda ya ji aikina sai ya tambaye ni raƙuma. A'a, namu RSV ne, wanda ke sa jarirai shessheƙar numfashi. Wanda muke aiki da shi an riga an dasa masa umarnin yin GFP a cikin kundin gadonsa, wato furotin ɗin nan mai koren haske da Osamu Shimomura ya fara warewa daga wata halittar teku a 1962, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2008 tare da Martin Chalfie da Roger Tsien. Duk ƙwayar halittar da bairas ɗin ya shiga, sai ta kama yin wannan furotin ba da saninta ba. Ka kashe fitila, ka haska mata shuɗin haske a ƙarƙashin madubi, sai ka gan ta kore shar. Ranar da na fara gani da idona, ƙwayoyin sun manne da juna sun zama curi-curi masu walƙiya, sai da na ce Allahu Akbar a fili.

Abin da ke ruɗin mutum ke nan. Kafin a sami wannan dabara, sai ka jira kwanaki, ka rina, ka ƙirga tabo ɗaya bayan ɗaya. Yanzu na'ura ce ke karanta faranti mai rami 96 ta ba ka lamba. Kore ya yi yawa, cuta ta yaɗu. Kore ya ragu, sai zuciyarka ta ce maganinka ya ci.

Ni kuma bagaruwa na sa a gaba. Kowace shekara lokacin aikin Hajji, da ciwon tarin nan ya fara zagayawa, Goggo za ta jiƙa ta ta ba baƙinta, maƙwabtanta 'yan Sudan ma haka suke yi, su garad suke ce mata. Na tace ruwanta, na zuba wa ƙwayoyin HEp-2 da muke rainon bairas ɗin a kansu. Koren ya dushe. Na ƙara yawa, ya ƙara dushewa. Na maimaita har sau shida, layin zanen yana sauka daidai yadda mutum zai roƙa. Wata huɗu ina kan wannan, har na fara rubuta takarda.

Wata ɗaliba 'yar Sudan da muke raba tebur ce ta tsaya a bayana wata ranar Lahadi, ta dubi hotunan ta ce, "Yaya, ina ramin da ka zuba bagaruwar ba tare da bairas ba?" Babu. Ban taɓa yinsa ba. Ta ce in cire matacin haske in duba farantin da farar fitila kawai.

Na duba. A ramukan da nake alfahari da su, ƙwayoyin sun dunƙule, sun saki gindin faranti, suna yawo a ruwa kamar dusa. Matattu ne. Gawa ba ta yin furotin, balle ta yi haske. Bagaruwa cike take da sinadarin nan mai bauri da majema ke jeme fata da shi, kuma a yawan da nake zubawa, jeme ƙwayoyin nake yi. Bairas ɗin bai sami gidan da zai zauna ba ne kurum.

Abin da ke ci mini rai shi ne, gwajin da zai tona wannan, MTT, mai nuna ko ƙwayoyin na da rai, na yini guda ne, kuma kayansa na nan cikin firij ɗinmu tun kafin in zo. Na san da shi, na karanta shi, na ma amsa tambaya a kansa a jarrabawa. Amma na ga abin da nake so in gani, sai na daina duba farantin da idona, na bar wa na'ura. Wata huɗu, ga kuɗin ruwan rainon ƙwayoyi da aka ƙarar, ga Dakta, malamin da ke duba aikina, da na sa ya ambaci sakamakon a taron sashe.

Dakta bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in fara daga farko, kuma kada in sake kawo masa lambar kore sai da lambar rayayyun ƙwayoyi a gefenta. Yanzu kowane faranti nawa yana da layin magani zalla babu bairas, ina kuma rina cibiyoyin ƙwayoyin da shuɗin Hoechst in ƙirga su kafin in ko kalli koren. Idan kai ma da irin wannan bairas kake aiki, ka riƙa komawa ga ajiyarka ta asali da ke firiza, domin idan ka yi ta juya shi daga faranti zuwa faranti yana iya yar da GFP ɗin, tunda kaya ne aka ɗora masa. Wannan ma zai rage maka kore alhali cutar na nan. Amma ni ba ta nan na faɗi ba, ramin nan ɗaya da ban cika ba ne ya kayar da ni.

Da na sake aikin da yawan da ƙwayoyin ke iya jurewa, koren ya ɗan ragu, amma tazarar da ke tsakanin abin da ke taɓa bairas da abin da ke kashe ƙwayar ta yi ƙanƙanta da in kafa magana a kanta.

Ranar Juma'ar da ta wuce na shiga jirgin ƙasa na Haramain na tafi Makka na faɗa wa Goggo da bakina, don na ji ta fara gaya wa mutane cewa ɗanta likita ya tabbatar. Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, na yi gaggawa, ban tabbatar da komai ba, kuma kada ki bari a ba jariri." Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni sunan yarinyar da ta gano, ta ce in kai mata dabino.