Asubancin Dunkeld da barewar bakin titi

Ƙarfe huɗu na asuba nake tayar da mota a watan Yuni, domin a garin Dunkeld na Sikotilan rana kan fito wajen huɗu da rabi, ita kuwa barewa ba ta jiran wanda ya tsaya haɗa shayi. Motata mai kujera takwas ce. Sana'ata in kwashi baƙi in zaga da su ƙauyukan bakin kogin Tay, in nuna musu 'yar barewar nan da mutanen Sikotilan ke kira roe, in dawo da su kafin a buɗe shagunan gari.

Wanda bai taɓa ganinta ba sai ya zaci wata babbar dabba ce. Tsayinta a kafaɗa santimita 60 zuwa 75 ne kawai, kuma da wuya ta wuce kilo 30. Lokacin zafi jajaja take, da hunturu ta koma toka-toka, sai farin tabon nan na gindi da kake hangowa idan ta ba ka baya. In ta tsorata haushi take yi kamar kare. Wata Hajiya da na ɗauko daga Edinburgh ta ƙi sauka daga mota, wai karen manomi ne. Na ce, "Hajiya, ai abin da kika biya kuɗi ki gani ke nan yake gaishe ki."

Karatun iska a wurin kawuna na same shi, maharbi ne a garinmu. Zai ɗebi ƙasa ya sake ta ya ga inda ta nufa, sannan mu ɗaga ƙafa. Sanin wuri kuwa wani dattijo ne ya ba ni a nan, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kula da namun daji a gandun masu ƙasa. Shekara biyu ina tuƙa shi asibiti a Perth, shi kuma yana biyana da abin da ya fi kuɗin mota. Bai taɓa ce mini kilomita kaza ba. Sai dai ya ce, ƙofar gona ta uku bayan jan akwatin waya, inda katangar dutse ta zube, rage gudu. In na rage, ga ta nan tsaye. Dalili shi ne roe ba ta yawon garke kamar jar barewa ta kan tsaunuka. Namijin yakan kama yankinsa tun bazara ya tsare shi har Agusta, yana goge ƙaho a jikin ƙananan itatuwa don shaida. Wanda ya haddace alamomin bakin hanya ya san gidan kowannensu.

Daga gadar dutse da injiniya Thomas Telford ya gama a 1809 muke farawa. Ranar farko da na ɗauki wani Bakano na ce masa "ga gada", sai ya zaro kamara yana leƙen ciyawa. Daga nan mu hau hanyar A923 zuwa tafkin Loch of the Lowes, inda shaho mai kamun kifi ke sheƙa. Shi ma ɗan ci-rani ne, yankinmu na Afirka ta Yamma yake tafiya cin hunturu. In safiya ta yi kyau sai mu gangara ta Caputh zuwa Meikleour, mu tsaya gindin shingen itatuwan da aka dasa a 1745 a bakin A93. Tsayinsa ya kai mita 30, tsawonsa ya haura rabin kilomita, har ya shiga kundin Guinness. Kowa hoton shingen yake ɗauka, ni kuwa idona na kan gefen gonakin da ke kusa, inda daji ya haɗu da fili, don nan take fitowa tsinkar toho.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo. Mutum ya sayi mota jiya, yau ya buga talla a Facebook da rabin farashina, ya fito da mutane ƙarfe goma na safe lokacin da barewa ta daɗe da shigewa kurmi. In ya yi sa'a ya ci karo da wani jinsin barewa da ake kira fallow, waɗanda suke da yawa a dazukan Dunkeld, sai ya ce ga roe nan. Alhali fallow ta fi girma nesa, tana da doguwar wutsiya da ƙaho mai faɗi kamar tafin hannu, ita kuwa tamu wutsiyar ma ba a ganinta, ƙahon namijin gajere ne, galibi rassa uku kowane gefe. Araha ba ta ado. Sai kuma mai ciniki ya zo yana ce mini, "Malam, in ban gani ba za ka maido kuɗina?" Ranka ya daɗe, ba a turke na ɗaure ta ba.

Wani cikin masu kwaikwayon nan har ɗan barewa ya bari baƙonsa ya ɗauka don hoto. Mu kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a makonnin farko ɗan roe ko rarrafen ba ya yi, lafewa yake cikin ciyawa shiru, uwar na kusa tana kiwo. A Mayu da Yuni ake haihuwarsu, yawanci tagwaye. Abin mamakin ma, barbara tun ƙarshen Yuli zuwa Agusta ake yinta, amma cikin ba ya fara girma sai wajen Janairu. A motata doka ce: ba taɓawa, ba sauka sai na ce, ba buga ƙofa.

A lokacin haihuwar ne kuma uwa ke korar 'ya'yan bara, su bazama neman wuri, su yi ta faɗa wa motoci a babbar hanyar A9 da ƙananan hanyoyi. In ɗaya ta tsallaka, taka birki ka jira, sau da yawa akwai ta biyu a bayanta.

Mai son ganin namiji yana bin mace suna zagaye kututture har su fitar da da'ira a ciyawa, ya nemi kujera a makon ƙarshe na Yuli. A zo da riga mai duhu wadda ba ta ƙara, a cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska. Shayi da citta yana cikin fulas, amma sai mun bar Meikleour nake buɗe shi.