Bangon kicin, mako na uku: har yau ban liƙa tayil ko ɗaya ba

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da aiki. Wasu sun tambaye ni ina hoton kicin ɗin da na yi alkawari. Babu hoto tukuna. Tayil ɗin na jingine a zaure cikin kwalinsu tun ranar da na kwaso su daga Kasuwar Ƙofar Ruwa, uwargida kuma ta fara kiransu "kayan kallo".

Irin manyan nan ne, santimita 60 da 120. Kafin in taɓa komai na ɗora guda ɗaya a kan sikeli, ya ba ni kilo 16 da ɗoriya. Bangon mita 3 ne a kwance, mita 2.4 a tsaye, wato guda goma cif zai ci. Kilo 160 ke nan, ban da gam ɗin liƙa tayil. Ya fi buhun siminti uku nauyi, kuma a saman kan mai girki za a rataye shi. Lissafin nan ne ya sanyaya mini jiki.

Ranar Asabar ta farko na gayyato dattijon da nake koyo a wurinsa. Ko kallon tayil ɗin bai yi ba. Ya ce in miƙo masa guduma, ya juya ta, ya shiga ƙwanƙwasa bangon da ƙotar, taki ɗaya bayan ɗaya. Inda filasta ta kama bulo da kyau, ƙarar gajeriya ce, mai tauri. Sai muka zo kusa da taga, bangon ya amsa "ƙwam, ƙwam" kamar an buga ƙwarya.

"Ka ji ko, yaro?"

"Na ji, Baba."

"To nan babu bango. Ɓawo ne kawai."

Ya zagaye wurin da alli. Kafin mu gama, alli ya zagaye wuri huɗu. A ido kuwa bangon sumul yake, ko tsaga babu. Wanda ya yi shafen farko bai jiƙa bulon ba, ga alama, sai bulo ya tsotse ruwan kwaɓin kafin ya kama.

Na fasa wuraren nan huɗu har na ga bulo, na share, na jiƙa, na yi feshin siminti mai ruwa-ruwa don a samu kaushin da sabon kwaɓi zai kama, washegari na cike da kwaɓin kwano ɗaya na siminti, huɗu na yashi mai tsabta. Ban goge shi ya yi santsi ba, na bar shi da kaushinsa. Safe da yamma ina yayyafa masa ruwa har kwana bakwai, domin a wannan hunturun na Kano sabon shafe kan bushe tun bai yi ƙarfi ba. Bushewa daban, nuna daban.

Abin da ya fi ba ni wahala fenti ne. A ƙarƙashinsa akwai farar hodar nan da masu fenti ke shafawa don bango ya yi laushi. Na ɗauka in na karce shi da wuƙa nan da can ya isa. Baba ya jiƙa yatsa ya murza, farin ya biyo yatsar kamar alli. Gam duk ƙarfinsa abin da ya taɓa yake riƙewa; in hoda ya taɓa, hodar ce za ta ɗauki kilo 160. Kwana biyu na yi da giranda, wato injin gurzawa, da takunkumi a hanci, har filastar asali ta bayyana ko'ina. Ƙurar kam, maƙwabta ma sun samu rabonsu. Ku toshe ƙofa da tsumma mai laima, ni ban yi ba.

Sai batun miƙewa. Na ɗora dogon ƙarfe mai mita 2 a tsaye, a kwance, da kuma a karkace. Ƙaramin tayil yana bin tudu da kwari ba a gane ba, babba kuwa ba ya lanƙwasa. Duk inda tazara ta wuce milimita 3 na yi alama, na sassaƙe tudu biyu, na cike kwari ɗaya.

Mun ɗan yi musu da wani abokina kan gam. Shi a ganinsa siminti zalla ya wadatar, tunda da shi aka liƙa na gidansu shekara da shekaru. Gaskiya ne, amma waɗancan ƙanana ne masu shan ruwa, shi ya sa ake jiƙa su a baho kafin a liƙa. Irin nawa ruwan da suke sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, simintin ba ya samun ƙofar shiga bayansu. Gam na saya, da cokalin magina mai haƙora na milimita 12, kuma za a shafa a bango a shafa a bayan tayil.

Facin ya cika kwana goma sha huɗu ranar Alhamis. Jiya na sake bin bangon da ƙotar guduma ni kaɗai, ban ji ƙwarya ba sai a wani ɗan wuri bayan famfo, faɗin tafin hannu, wanda duk mu biyu muka tsallake. Na zagaye shi da alli. Uwargida ba ta sani ba tukuna.